Kunne na Ɗakin Famfo

Shekara ashirin da shida bango ɗaya ne ya raba gidana da gidan Kunne, bangon ma siriri, idan ka yi tari a wannan ɗakin sai a yi maka sannu daga wancan. Don haka idan na ce na san mutumin nan, kada wani ya zo ya gyara mini zance. Layinmu shi ake kira layin 'yan famfo, gida goma sha biyu a jere cikin kwatas ɗin kamfanin mai na gwamnati, kowanne ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Gidan naka ne muddin kana aiki. Ranar da aka sallame ka, kwana talatin ake ba ka ka kwashe komatsanka.

Ya shigo kamfanin yana ɗan shekara goma sha tara, lebura, yana haƙa ramin bututu. Daga baya aka kai shi ɗakin famfo, inda manyan injuna takwas ke tura ɗanyen mai daga rijiyoyi zuwa tankuna. A nan ya samo sunansa. Yana da wani guntun rodi, tsawon hannu, sai ya ɗora baki ɗaya a jikin inji, ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Wata rana ya ce wa injiniya boris ɗin famfo na uku, ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, ba zai kai Laraba ba. Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lebura ya zama boka. Ranar Talata da hantsi famfon ya tarwatse. Tun daga nan babu mai kiran sunansa na yanka, har manaja Kunne yake cewa.

Abin haushin, sunan ya zauna, kunnen ya tafi. Ƙarar injunan nan ba ta barin kowa. An taɓa raba musu abin toshe kunne sau ɗaya, ranar da minista ya kawo ziyara, yana juya baya aka bi su aka karɓe. Kafin ɗan famfo ya kai shekara arba'in ya gama kurmancewa. Maigidana Dogo haka, Kunne haka, duk layin haka. Da baki suke jin magana, wato sai sun kalli leɓenka. Mu kuma matansu muka koyi ihu. Masu talla idan suka shigo layinmu da safe sukan ɗauka faɗa ake yi gida-gida, alhali mata ne ke tambayar mazansu ko a ƙaro musu ruwan zafi.

To amma kamfani ba ya ajiye kurma a bakin inji, duk shekara akwai gwajin kunne a asibitinsu. Mutum zai shiga wani ɗan ɗaki mai gilashi, a sa masa abin ji a kai, malamar asibiti ta zauna a ɗaya gefen tana danna maɓalli, in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. 'Yan famfo ba sa jin komai, amma suna da ido. Babban yatsanta suke kallo. Ta danna, ka ƙirga ɗaya a zuci, ka ɗaga hannu. Kunne ne ya gano dabarar, shi ya koya wa Dogo, shi ya koya wa duk wanda ya zo bayansu. Tsohuwar malamar da muke kira Sista ta sani sarai. Baiwar Allah, takan ɗora hannunta a saman tebur inda makaho ma zai gani. Shekara da shekaru takardun kamfani suna cewa babu masu kaifin ji irin mazanmu.

Matar Kunne Yaya nake ce mata, ta girme ni da shekara goma. Ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni layin, ita ta koya mini yadda ake yi wa miji ihu ba tare da an zama marar kunya ba. Ba su taɓa haihuwa ba, 'ya'yana huɗu a bayanta suka girma. Mace ce mai baki, in ta tsokane ka sai ka kwana kana nemo amsa. Shekara uku kafin abin da zan faɗa, ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Maganarta ta koma wani gurnani mai nauyi. Kunne ba ya jin murya, leɓen da ya saba karantawa kuma ya lalace. Mata da miji a ɗaki ɗaya, sai an nemo musu tafinta. Ni ce tafintar, domin ni ke mata wanka, ni kaɗai kunnena ya saba da sabon harshenta. Ta faɗa, in juya in faɗa masa. Har faɗansu ta bakina suke yi.

Ya gyara gidan kaf saboda ita. Ya samo tsohon bututu ya kafa a bango daga gado har banɗaki don ta riƙa dafawa da hannun hagu. Ya fasa dakalin ƙofa ya zuba siminti ya mai da shi gangare. Ya sauke taga ƙasa don ta riƙa ganin layi daga kwance. Duk wanda ya shiga ya san matar nan ba za ta rayu a wani ɗaki ba sai wannan.

Shi ya riga rediyo sanin mai ya fara ƙarewa. Wata rana ya dawo daga aiki ya zauna a bakin ƙofa da rodinsa a cinya, ya ce wa Dogo, da irin muryarsu da ake ji har bakin titi:

“Ruwa muke turawa. Nauyin ya canza.”

Dogo ya ce ya daina baƙin baki. Amma famfo takwas suka koma biyar, biyar suka koma biyu. Sai da aka shekara huɗu a haka kafin manya su fito a rediyo su ce rijiyoyin ƙasa sun ja baya, gwamnati ta fito da sabon tsarin makamashi. Za a rufe tashoshin mai ɗaya bayan ɗaya, a koma hasken rana da iska. Aka share wani fili a bayan gari aka jera farantan sola har iya ganinka. Suka ce babu ma'aikacin da zai rasa abin yi. Ni dai tun da na ji an maimaita wannan magana sau uku a jawabi ɗaya na san akwai wanda zai rasa.

Sharaɗin ya zo a takarda, aka manna a bakin famfon ruwa. Wanda ya ci gwajin lafiya za a mai da shi filin sola, kuma a mallaka masa gidan da yake ciki har abada, tunda kamfanin rushe shi za a yi. Wanda ya faɗi, sallama da kwana talatin. A cikin gwajin har da na kunne. Aikin fa wanke gilashi ne da tsumma da gadin waya. Har yau ina neman wanda zai gaya mini abin da kunne zai yi a wanke gilashi. Farantin ihu yake yi in ya yi datti?

Mazanmu ko a jikinsu. Sista ta yi ritaya, amma an ce sabuwar malamar ma yatsa gare ta. Kwana uku aka yi ana gwajin. Dogo ya shiga ranar farko ya fito yana washe baki. Kunne ya bar kansa sai rana ta ƙarshe, wai ba zai bar famfo biyun da suka rage a hannun waɗanda ba su san halinsu ba.

Ya shiga da misalin sha ɗaya na safe. Ɗakin gilashin yana kusa da babbar taga, haske tar. Malamar, wata yarinya sabuwar fitowa daga makaranta, ta sa masa abin ji, ta koma ta zauna. Daidai nan aka ɗauke wuta. Janareton asibiti bai tashi ba, babu mai a ciki, a asibitin kamfanin mai. Duk mai kunne a ginin ya ji komai ya yi tsit. Yarinyar ta ga na'urarta ta mutu, ta shiga danna maɓalli ko za ta farfaɗo. Ta danna, Kunne ya ƙirga ɗaya ya ɗaga hannu. Ta sake dannawa, ya sake ɗagawa. Sau goma sha ɗaya ya ji ƙara daga mataccen inji, yana murmushi, yana gyaɗa kai irin na wanda aiki ke masa sauƙi. Sai ta tsaya tana kallonsa. Ta ɗauki takarda ta yi rubutu, ta manna a gilashin: “Baba, babu wuta.”

Shi da kansa ya ba ni labarin da yamma, ina ba Yaya abinci. Har dariya ya yi. Yaya ba ta yi ba.

Kwamitin sauya ma'aikata ya kira shi bayan kwana biyu. Sakatarensu wani mutum ne da muke kira Mai Tabarau, mai sanyin murya, irin waɗanda ke yanka ka suna tambayar lafiyar iyali. Ya ce masa sun san ba shi kaɗai ba ne. Idan ya faɗi sunayen sauran, za a bar masa gidan saboda marar lafiya.

Kunne ya ce, “Ranka ya daɗe, ban ji ba.”

Aka rubuta masa a takarda. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce idon ma ya fara ba shi matsala.

Da ya dawo na tsaya a gabansa don ya ga bakina. Na ce, “Yaya fa? Ina za ka kai ta?”

Ya ce, “Ni na koya musu. In kai ƙararsu a kan abin da ni na ba su?”

Yaya ta yi magana daga kan gado. Ya dube ni. Na ce, “Ta ce ka yi daidai, amma kai wawa ne tun asali.” Haka ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba.

Daga nan tsoro ya shiga layi. Aka fara raɗe-raɗin za a sake gwada kowa, a juya musu baya ga gilashi. Ni da 'ya'ya biyu har yanzu a gabana, da keken ɗinki, da mijin da bai iya komai ba sai murɗa bawul ɗin bututu. Na kwana uku ina lissafi. Ni ke yi wa matar Mai Tabarau ɗinki, sai na ɗauki kayanta na kai da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Na same shi a falo yana shan shayi. Ban ma buɗe baki ba ya ce ya san abin da ya kawo ni. Ya ce su ba sa son sake gwaji, minista zai zo buɗe filin ƙarshen watan gobe, babu lokaci. Matsalarsu ɗaya, waɗanda suka ci sun fi guraben da ke akwai da mutum shida. Idan wani ya kawo ƙorafi a rubuce da suna shida, za a gwada shidan kawai a rufe maganar. Ya ce, “Kuma ba na tsammanin sunan maigidanki zai fito a takardar da ke kika rubuta.”

Na dawo gida rana tsaka. Dole in gaya wa Dogo, kuma Dogo ba a yi masa raɗa. A layinmu kowace mace ta san dokar: magana in ta sirri ce, a ja miji bayan tankin ruwa. Ni na fi kowa sani. Amma na yi lissafi a raina, gidan hagu sun yi tafiya, gidan dama kuwa kurma ne da wadda ba ta magana. Haka na lissafa Yaya, matar da ta goya mini 'ya'ya. Na rufe ƙofa na buɗe murya.

Dogo ya ce a'a. Ya ce da wane ido zai kalli mutane. Na ce da idon da zai kalli 'ya'yansa a bakin titi. Sai ya juya fuskarsa ga bango, wanda a wurinsu yana nufin ba ya nan. Na zagaya na tsaya a gabansa ina rubuta sunayen ina karanto su ɗaya bayan ɗaya da iya ƙarfina. Ban zaɓe su da laifinsu ba, da matansu na zaɓe su. Wadda ta taɓa cewa ɗinkina ya karkace, wadda ɗanta ya fasa wa nawa kai, wadda ba ta zo mini barka ba. Na shida na rasa dalili, na sa shi don gidansa ya fi kusa da famfon ruwa. Dogo bai ce in rubuta ba, bai kuma karɓe biron ba. Ina gama karanta na ƙarshe na ji cokali ya faɗi a ɗaya gefen bangon.

Na san Yaya ta ji, amma ban fasa ba. Na sa mayafi na kai takardar kafin a tashi daga ofis.

Aka kira mutum shidan, aka zaunar da su suna kallon bango, suka faɗi warwas. Takardar sallama ta zo musu rana ɗaya da ta Kunne. Babu wanda ya tsaya tambaya. Wa aka kama? Wa kwamiti ya kira? Wa aka yi wa tayin gida? Da wani ya ce ai Kunne ma an kore shi, sai matan suka ce alhaki ne, ya sayar da mutane kuma aka hana shi ladan. Ina tsaye a bakin famfo da bokitina ana wannan magana. Na ce, “Allah dai ya kyauta.”

Ba su zage shi ba, ba su doke shi ba. Abin da suka yi ya fi haka. Idan ya nufo inda suke zaune, sai kowa ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, su ci gaba da zama a haka har ya wuce. Su ma fa ba sa jin juna in sun rufe, sun yarda su yi zaman kurame don dai kada ya samu ko kalma. Mutumin da ya koya musu yadda za su ci abinci shekara ashirin. Ya je wurin na farko cikin shidan ya rantse, ya je wurin na biyu, a na uku aka rufe ƙofa yana tsaye. Daga nan ya daina fita sai sayen magani. Na ji tausayinsa har cikin raina, kuma tausayin bai sa na buɗe baki ba.

Gidansu ma na daina shiga. Na ce masa Dogo ya hana ni saboda maganar mutane. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane, kada in jawo wa kaina. Kwana talatin shi ke mata wanka, shi ke juya ta. Ta bango nake jin tana masa magana safe da yamma, magana ɗaya, tana maimaitawa har muryarta ta dushe. Ina jin sa yana cewa, “Ruwa? Matashi? Ƙafar ce?” Sai in tada keken ɗinki in taka da ƙarfi ko babu abin ɗinkawa.

Ranar da aka buɗe filin sola Dogo ya tafi da sabuwar riga mai tambarin rana a ƙirji. Washegari wa'adin Kunne ya cika. Ya samu ɗaki ɗaya a bayan tashar mota, hawa na biyu, banɗaki a ƙasa. Ya ɗauko wata tsohuwar akori-kura, shi da direba suka loda gado da tukwane. Ya so ya cire bututun bango, mai gadin kwatas ya ce kayan gwamnati ne. Duk layin suna cikin gidajensu, labule kawai ke motsi.

Sai na ji ana buga ƙofata. Shi ne, hula a hannu.

“Ki yi haƙuri, ƙanwata. Direba ya ce bayansa na ciwo. Ki kama mini ƙafafunta kawai, mu sa ta a mota. Ba zan gaya wa Dogo ba.”

Na shiga. Ta rame har na kusa kasa gane ta, amma idanun suna nan yadda na san su. Ya kama kafaɗu, na kama ƙafafu. Da hannuna ya taɓa ta sai ƙafar hagun ta shiga harbi, ya ce mata, “Yi haƙuri, ƙanwarki ce.” Muka gangara ta kan simintin da ya zuba, muka kwantar da ita a kan katifa a bayan motar, tsakanin buhun kaya da murhu.

Ta ɗaga hannun hagu ta nuna ni. Ta tattaro duk ƙarfin da ya rage mata ta yi magana, a hankali, kalma-kalma, yadda take yi idan tana so kada in kuskure.

“Ita ce. Ita ta rubuta.”

Kunne ya sunkuya ya ƙura wa bakinta ido, ya daɗe. Sannan ya juyo gare ni, fuskarsa duk gajiya.

“Wata guda ke nan tana faɗa mini abu ɗaya, na kasa ganewa. Don Allah, ke da Allah ya bar wa kunne, me take cewa?”

Na gyara tsayuwa don ya ga leɓena da kyau.

Na ce, “Sanyi take ji. Ta ce a rufe mata ƙafa.”

Ya dafe kai. Ya ce, “Wata guda. Kin ga wautar, ban taɓa kawo sanyi a raina ba.” Ya kwance ƙullin kaya ya zaro bargo, a cikin wannan rana mai ƙuna, ya lulluɓe ta har ƙirji, ya tura hannun da take nuna ni da shi ƙarƙashin bargon. Ya yi mini godiya, ya ce a duk layin nan ni kaɗai ce ban juya musu baya ba, ya ce in gaida yara. Ya hau ya zauna kusa da ita.

Direba ya tada mota. Har suka kai ƙarshen layi ina jin muryarta tana maimaitawa, shi kuma yana ƙara gyara mata bargon.